Safiyar da Karfasa Ta Yi Mini Shaida

Ba a yin wata guda ba tare da wasu samari sun zo wurina a Daɗin Kowa, nan Jos, sun ce in koya musu kiwon kifi cikin mako ɗaya ba. A ganinsu sana'ar ba ta wuce a gina kwami da bulo, a cika shi da ruwa, a watsa abinci safe da yamma, a koma kan benci ana danna waya har kifi ya ƙosa ba. Wani ma ce mini ya yi ai kifi ba ya jin ƙishirwa, to me zai kashe shi? Na ce ya tsoma kansa cikin durom ya ba ni amsa daga can. Ni Sale mai kifi na tsufa a bakin kwami, kuma abin da zan faɗa muku shi ne, mai kiwon kifi ba kifi yake kiwo ba. Iskar da ke cikin ruwa yake kiwo, abin da ido ba ya gani. Ranar da ta gudu, kifi ya tafi, wani lokacin ma har mai kiwon ya kusa bin sa.

Aikin farko da maigidana Baba Gyang ya ba ni ba shi da alaƙa da kifi ko kaɗan. Baba Gyang mutumin Birom ne, yana da gonar kifi a bayan Rayfield, gefen wani tsohon tafkin da masu haƙar kuza suka bari. Ya san mahaifina tun suna leburanci tare a wurin kuza, shi ya sa ya karɓe ni. Ranar da na fara zuwa, ya ba ni tukunya, ya ce in cika ta da ruwan rijiya in ɗora a murhu, in tsuguna in zuba mata ido. Na ce a raina, ashe shayi aka kawo ni dafawa. Ruwan bai ko fara tururi ba sai na ga wasu ƙananan ƙwayoyi kamar gero sun jeru a jikin tukunyar daga ciki, suna tsinkewa ɗaya-ɗaya suna hawa sama. Ya tambaye ni ko ruwan ya tafasa. Na sa yatsa, na ce ko kusa.

“To wannan abin da yake fita, shi kifi yake shaƙa,” in ji shi. “Ruwa in ya yi sanyi, yana riƙe shi. In ya ji zafi, yana sake shi. Ka riƙe wannan, sauran aikin duk wanke-wanke ne.”

Bai bar ni a nan ba. Ya aike ni na sayo lemon kwalba biyu, ɗaya daga cikin ƙanƙara, ɗaya da ya wuni a rana. Mai sanyin ya buɗe da ɗan tsaki kawai. Mai zafin kuwa ya yi tsartuwa ya wanke mini riga, Baba Gyang yana ta ƙyaƙyata dariya. Ya ce iskar lemo daban, iskar kifi daban, amma halinsu ɗaya ne, duk ba sa zama inda ake zafi. Daga nan ya sa na tafasa ruwa sosai, na ɗura a jarka har baki, na toshe, na bar shi ya huce. Washegari muka juye a hankali cikin baho muka saka wata 'yar karfasa. Ruwa garau, mai tsabta, ko jariri aka ba ba laifi, amma ba a jima ba ta hau sama tana buɗe baki tana rufewa. Sai ya ɗauki ƙwarya ya riƙa ɗibar ruwan nan yana ɗagawa sama yana zubowa, yana kumfa. Ina kallo kifin ya koma ƙasa ya ci gaba da harkarsa. Ruwan bai canza ba, iska ce kawai aka mayar masa.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai koma ta kwashe kifi, da bahuna, da dogon gora na dukan ruwa, da wani tsohon injin ban-ruwa da ke jawo mana daga tafki, wanda sai an lallashe shi kamar tsohon jaki kafin ya tashi. Sai ƙwaryar nan ta Baba Gyang, wadda aka ɗinke tsagarta da waya. Yana da ma'aunin zafi na gilashi, amma ya fashe tun ina sabo, bai kuma sake sayen wani ba. Ya koya mini in riƙa tsoma gwiwar hannu kamar yadda mata ke gwada ruwan wankan jariri. Idan na ji ruwa ya ɗan cije ni, lafiya lau. Idan na ji daɗinsa har ina sha'awar shiga, to ranar ba a ba kifi abinci da yawa, domin kifin da ya ƙoshi ya fi bukatar iska, ga shi kuma ruwan ba shi da ita.

Wata safiya ya sa na kwashe matattun kifi daga kwamin wani maƙwabci da ya kira mu, ya ce in jera su a ƙasa daga babba zuwa ƙarami. Duk manya ne, bakinsu a wangame, murfin nan na gefen kai da muke kira kunne a buɗe. Ƙananan suna nan da rai. Ya ce in lura: rashin iska manya yake fara ɗauka, kuma da sassafe yake yi, domin koren ruwan nan da ke ba da iska da rana shi ma shanye ta yake yi idan rana ta faɗi. Guba kuwa ba ta zaɓe, ƙanana ma ta fi saurin kayarwa, kuma ba ta barin kwaɗo ko tarwaɗa. Ita tarwaɗa Allah ya hore mata hawowa ta haɗiyi iskar waje, karfasa ba ta da wannan gatan. Na ji, na adana, ban san ranar da zan bukace shi ba.

Masu sayen kifinmu kowa da halinsa. Matan da ke farfesu a gidajen shaƙatawa tarwaɗa suke so, mai rai, mai faɗa, wadda za ta watsa wa mai saye ruwa ya ji daɗi. Ma'aikatan gwamnati na Daɗin Kowa sukan zo ƙarshen wata su zaɓi kifi da yatsa daga nesa kada takalmi ya jiƙe. Masu manyan gidaje na Rayfield direba suke aikowa, shi kuma direban sai ya fi maigidan iyayi. Akwai wata hajiya da ba ta taɓa yarda ba sai ta ɗaga kunnen kifi ta ga ja, ko da kifin yana tsalle a hannunta. Duk cikinsu babu wanda ya taɓa tambayar yadda ruwan ya kwana.

Yanzu ga abin da mutumin Kano ko na Lafiya ba zai gane ba. Mu a Jos sanyi muke tsoro. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ruwa kan yi sanyin da kifi zai daina cin abinci, ya kwanta a ƙasa, wata uku bai ƙara ko tsawon yatsa ba, wani ma ya mutu. Saboda haka muke kafa sanduna a kan kwami mu lulluɓe shi da babbar leda, rana ta shiga, ɗumi ya kasa fita. Dabara ce mai kyau, ita ke ciyar da mu. Amma ta sa duk mai kifi a garin nan ya taso da tunani ɗaya, cewa rufewa kulawa ce, buɗewa sakaci. Ka ce wa ɗan Jos zafi zai kashe masa kifi, sai ya dube ka kamar ka ce rana za ta fito daga yamma. Baba Gyang kaɗai nake ji yana faɗa, da zarar bazara ta leƙo, a yaye leda ko da mai ita yana kuka.

Baba Gyang ya rasu kafin rikicin farko da ya raba garin nan, a farkon shekarun dubu biyu. Wani lokacin nakan ce Allah ya so shi ne. Gonar ta koma hannun matarsa, Ngo Kaneng, wadda nake kira Mama tun ina saurayi, ni kuma na ci gaba da riƙe aikin. Ba zan ba ku labarin rikicin ba, iyayenku sun sani. Abin da ya shafi sana'a shi ne, na daina kwana a gona, na koma cikin gari wurin danginmu, ina zuwa da safe ina komawa kafin la'asar. Injin ban-ruwanmu kuma yana wurin gyara a shagon Davou, ƙanin marigayi, lokacin da aka ƙone layin shagunan gaba ɗaya. Davou bakanike ne mai hannu, da can Oga Sale yake ce mini, muna cin gasasshiyar masara tare. Bayan ya rasa shagonsa da wani abokin aikinsa a rana ɗaya, sai ya koma idan na yi gaisuwa ya amsa da ka. Ban ga laifinsa ba, ni ma akwai waɗanda na daina iya kallo.

A shekarar ne Mama ta ba zumuntar matan cocinsu babban kwaminmu. Yawancinsu mazansu sun mutu ko sun rasa abin yi. Suka haɗa hannu muka zuba karfasa, da 'yan tarwaɗa kaɗan don su riƙa rage 'ya'yan da karfasa ke haifa barkatai. Niyyarsu a kwashe a makon Ista. Kullum sai wata ta leƙo ta ɗaga gefen leda ta yi wa kifin kirari. Garin kuwa a lokacin ba abin da ke yawo kamar jita-jitar guba. Yau a ce an sa a rijiya, gobe a ce a cikin nama, jibi a ce a lemon ɓawo. Kowane ɓangare yana faɗa a kan ɗayan, kuma kowa ya rantse ɗan'uwan maƙwabcinsa ya gani da ido.

Bazarar ta zo da zafin da ban saba ji a Jos ba. Na naɗe ledar daga gefe biyu na ɗaure, na rage abinci, na ce wa Mama sauran ma zan cire gaba ɗaya. Kafin in yi haka sai wata jita-jitar ta tashi, hanya ta rufe, na yi 'yan kwanaki ban iya fitowa daga unguwarmu ba. Waya a lokacin sai wane da wane. A cikin kwanakin aka yi wani yayyafi da yamma mai ɗan sanyi, daga nan zafin ya dawo ya fi na da, sama ta yi lumshi, hadari ya tsaya ba ya zuba ba ya wucewa, ko ganye ba ya motsi. Ina zaune a ƙofar gida ina gumi, hankalina yana kan kwamin.

Ranar da hanya ta buɗe, ina idar da sallar asuba na ɗauki jakata na hau acaɓa. Ɗan acaɓan ya ajiye ni a mararraba, ya ce daga nan ba ya ƙarawa ko taku ɗaya. Na ƙarasa da ƙafa. Tun daga nesa na hango mutane a gonar, abin da ba a saba ba da wannan safiyar, kuma na ji kukan mata. Da na matso sai na ga ledar a rufe ruf, an ja ta har ƙasa an danne da duwatsu, sai gefe ɗaya da aka ɗage. Wani tururi mai ɗumi da ƙarni yana fitowa ta wurin. Saman ruwan ya yi fari da cikin kifi. Waɗanda suka rage sun taru a gefe, baki a sama, suna ta buɗewa da rufewa.

Ina isa aka yi tsit. Na san irin wannan shirun. Wani ya ce ga shi nan ya dawo ganin aikinsa. Wata ta ce dama ta faɗa, ruwa ba ya tsami banza, mutum ya ɓace kwana da kwanaki sannan kifi ya mutu. Kafin in buɗe baki samari sun zagaye ni, an fizge jakar, an zazzage ta a ƙasa. Ga ƙullin farin gari a leda. Gishiri ne, wanda muke jiƙa wa kifi idan ya ji rauni, amma a wannan safiyar babu wanda ya ga gishiri. Davou ya ratso mutane ya tsaya a gabana. Akwai adda a hannunsa, irin ta sharar gona, kuma bai ɗaga ta ba, bai kuma ajiye ta ba.

“Malam,” ya ce, ba Oga Sale ba. “Me ka sa a ruwan matan nan?”

Na ce ban sa komai ba, zafi ne, iska ce ta ƙare a ruwan. Wani ya yi dariyar da ba ta da daɗi, ya ce a Jos ne zafi zai kashe kifi, kuma wai iska a cikin ruwa. Na lashi gishirin a gabansu. Na durƙusa na kamfaci ruwan kwamin da hannu biyu na sha, ɗumi kamar an sirka, har yau ina jin ƙarninsa. Sai wata murya daga baya ta ce ai ya sha makari kafin ya fito. Na nuna musu cewa manya ne suka mutu, ga tarwaɗa can suna yawo, ga kwaɗo a kan bulo. Babu wanda ya juya ya duba. Mai fushi ba ya ganin kwaɗo. Na roƙa a yaye ledar ko don sauran kifin, aka ce kada a taɓa komai, so nake in ɓatar da shaida. Mutane kuma sai ƙaruwa suke yi, waɗanda ke zuwa yanzu ba su san ni ba, ba su san Baba Gyang ba, abin da suka ji a hanya kawai shi ne an kama mai guba. Na dubi hanyar da na shigo, na ga ta cike. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Na hango Mama a gefe, an riƙe ta, ta ɗaura zane a kan rigar barci. Na ɗaga murya na ce mata, Mama, ki sa a ba ni baho da ƙanƙara da ƙwaryar Baba. Na ce ruwan kwamin nan za a ɗiba, ba wani ba. In guba ce, ko me na yi kifi ba zai tashi ba. In ya tashi, ruwan ba shi da laifi sai rashin iska. Davou ya tambaya, in bai tashi ba fa? Bai jira amsa ba, kowa ya san ta.

Wata mai sayar da zoɓo a maƙwabta ta kawo ƙanƙara a buhu. Aka ɗebo ruwan kwamin a baho. Ni kuma na juye ƙanƙarar gaba ɗaya, na sa koma na zaɓo karfasa mafi girma cikin masu sauran numfashi, don kowa ya gani da kyau, na jefa ta ciki. Sauri ya haifi nawa. Babbar ita ce ta fi galabaita, kuma kifin da ya fito daga ruwa mai ɗumi ba a jefa shi cikin mai ƙanƙara kai tsaye, ko lafiyayye ne sai ya sandare. Na sani sarai, tsoro ne ya shafe mini. Ta yi wata irin miƙa, ta karkace, kunnen ya buɗe bai sake rufewa ba. Ina ta zuba ruwa da ƙwarya a kan gawa.

Hayaniya ta tashi. Wani ya shaƙo wuyan rigata ta baya, na ji maɓalli ya tsinke. Na fara kalmar shahada a zuci. Sai na ji an karɓe ƙwaryar daga hannuna. Mama ce. Ta tsuguna a gaban bahon, ta yi magana da irin Hausarta, ba da ƙarfi ba, amma aka ji.

“Leda ɗin nan, Sale ya buɗe shi kafin ya tafi. Ni ne na sa aka rufe. Ranar da ruwa ya yi yayyafi na ji sanyi, na ce kifin mata zai mutu. Ni da Ngo Vou da wasu muka ja shi, muka sa dutse. In rufewa ne ya kashe, hannuna ne. A sake gwadawa. Davou, kai za ka zaɓi kifi, kai za ka ɗebo ruwa.”

Matan da suka ja ledar tare da ita suka sunkuyar da kai. Wanda ya riƙe ni bai sake ni ba, amma ya sassauta. Davou ya soke addar a ƙasa, ya zubar da ruwan bahon, ya ɗebo sabo daga kwamin da hannunsa. Na ce a sa ƙanƙara kaɗan, a dama, har ruwan ya zama kamar na randa, kada ya wuce haka. Na tsoma gwiwar hannu na ji. Ya sa koma ya ɗauko wata matsakaiciya wadda ta riga ta kwanta a gefe ɗaya, ya saka. Da ni ne da ban zaɓe ta ba.

Mama ta fara ɗiba tana ɗagawa tana zubowa, kamar yadda ta ga mijinta yana yi shekara da shekaru. Babu abin da ake ji sai ƙarar ruwan. Kifin yana kwance, ruwan yana juya shi duk inda ya ga dama. Ni idona yana kan kunnen. Yana motsi kaɗan, ya tsaya, har in ce shi ke nan, sai ya sake motsawa. Ban taɓa roƙon Allah a kan wani abu kamar yadda na roƙe shi a kan wannan ɗan murfin ba. Hannun Mama ya gaji, wata daga cikin matan ta karɓa, ta gaji, wata ta karɓa. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba, na dai san rana ta fito ta fara dukan ƙeyata. Can sai kifin ya kaɗa wutsiya, ya miƙe, ya sake faɗuwa. Ya sake miƙewa. A karo na gaba ya tsaya daidai, bayansa a sama, ya sauka ƙasan bahon ya zagaya. Davou ya sa yatsa zai taɓa shi, ya wuce fit ya watsa masa ruwa a fuska.

Babu wanda ya yi guɗa, babu wanda ya ba ni haƙuri. Hannun da ke wuyana dai ya sauka. Mama ta ce to me ake jira, aka yi kan ledar aka yage ta. Mata suka shiga kwamin da zannuwansu, wasu da bahuna suna ɗiba suna watsawa sama, wasu da gora suna dukan ruwa, samari suka yi layi da bokitai daga rijiya. Waɗanda suka zo don ni, wasu suka sulale, wasu suka karɓi bokiti. Abin da muka ceto bai kai rabi ba. Sauran aka yi banda da waɗanda ba su lalace ba, aka binne ragowar. Istar matan nan ta wannan shekarar ba ta yi daɗi ba, kuma har yau abin yana damuna.

Da rana ta yi, Mama ta kira ni bayan gida ta ba ni ruwa a kofi. Na ɗauka za ta ce in zo gobe da wuri. Sai ta ce, “Ɗana, yau kifi ya yi maka shaida. Da ya mutu kamar na farko, me zan faɗa wa mamanka? Ba zan sake ajiye ranka a kan kifi ba. Ka nemi wuri kusa da mutanenka.” A gonar nan na zama mutum, amma na san gaskiya ta faɗa. Ta ce abu ɗaya take roƙo kafin in tafi, kada abin da mijinta ya sani ya bar gidan tare da ni. Na tambaya wa zan koya wa. Ta nuna Davou da haɓa, yana can yana naɗe yagaggiyar leda shi kaɗai.

Wallahi ban so ba. Mutumin da ya tsaya a kaina da adda da safe, shi zan zauna da shi? Amma Mama ba ta taɓa roƙona komai ba. Washegari na dawo, ya rako ni tun daga mararraba. Na ba shi tukunya na ce ya cika da ruwan rijiya ya ɗora a murhu. Muka tsuguna mu biyu, kafaɗa kusa da kafaɗa, ba mai kallon wani, har ƙwayoyin nan suka fara jeruwa a jikin tukunyar. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya ce, a hankali, “Wannan ɗan abin ne?” Na ce shi ne. Ya rufe fuskarsa da hannu, ni kuma na ci gaba da iza wuta.

Na yi makonni ina zuwa har ya iya, sannan na bar gonar, na bar masa ƙwaryar. Daga baya na gina kwamaina a nan. Mama ta rasu, garin ya sake rikicewa ba sau ɗaya ba, akwai shekarun da ni da Davou ba mu ga juna ba sam. Maganar waccan safiyar kuwa ba mu taɓa tayar da ita ba, bai ce in yafe ba, ban ce na yafe ba.

Don haka ku da kuke son koya a mako guda, ga tukunya can, ga murhu, ku fara daga nan. In kun ga na ajiye aiki na ɗauki waya a farkon bazara, kada ku yi mamaki. Duk shekara, da zarar zafi ya fara, sai ta yi ƙara, ko ana zaman lafiya ko ba a yi. Davou ne, ba ya doguwar gaisuwa. Abin da yake cewa kawai shi ne, “Oga Sale, na yaye leda.” Ni kuma in ce masa ya tsoma gwiwar hannu ya faɗa mini abin da ya ji.